Yaya da Manyan Baƙaƙe

Ƙaramin yatsan hannun hagun yayata a karkace yake kamar ƙugiya. Ba haka aka haife ta ba, kuma ba ƙofa ce ta datse shi ba. Tafireta ce ta mayar da shi haka. Shekara goma sha shida ta yi tana buga takardu a kan tsohuwar tafireta ta ƙarfe a shagon ɗab'in mahaifinmu, kuma duk wanda ya taɓa aiki da irinta ya san kafin ka samu babban baƙi ɗaya na Turanci sai ka danne wani maɓalli da ƙaramin yatsa, ka ɗaga kan tafiretar, ka riƙe shi a sama har ka buga. Na taɓa ɗora ta a sikeli don in sani: kilo goma sha huɗu.

"Da sun taɓa ɗaga shi da yatsansu, da ba su riƙa watsa shi ko'ina ba," haka take cewa duk sa'ad da aka kawo mata takarda mai cike da manyan baƙaƙe.

Shekara goma sha huɗu ta ba ni. Ni ne ɗan autan gidanmu, kuma har yau da furfura ta fara fito mini, Auta take ce mini, a gaban ma'aikata da gaban kwastoma. Ni kuma Yaya nake ce mata. A shago kuwa, a bayan idonta, Jan Biro ake kiranta.

Shagon ɗaki uku ne a jere. Na gaba akwai kantar karɓar aiki da kwamfuta, inda wata mata mai kaifin baki, wadda muke kira Mai Kwamfuta, take tsara aiki. Na tsakiya injinan bugu ne da injin yankan takarda. Na ƙurya kuwa tebur ɗaya ne jikin taga, da kujeru biyu. Daga kanta zuwa teburin nan taku goma sha tara ne, kuma a zamanin Baba babu takardar da take hawa inji sai ta yi wannan tafiyar ta dawo. Aikin Yaya ke nan tun da aka ajiye tafireta: duba rubutu kafin a buga.

Tafiya da ita a titi wahala ce. Daga inda muke sauka a bas zuwa ƙofar shago akwai allunan talla arba'in da uku. Huɗu kawai take wucewa ba ta yi tsaki ba. Sauran duk suna da laifi. Mai wankin mota ya ba kowace kalma babban baƙi, har da "And" da "The". Mai gyaran waya ya dasa ɗaya a tsakiyar kalma. Wani mai magani ya girmama kalmar "Headache", ya bar sunan ubansa da ƙaramin baƙi.

"Dubi wannan ɗan albarkan," in ji ta. "Ciwon kai ya fi ubansa daraja."

Ba ƙiyayya take yi da Turanci ba, kuma ba burga take yi da shi ba. A gida ba za ka ji ta faɗi kalma ɗaya ba. Abin da ke cinta shi ne ta ga an yi abu babu dalili. In ka tura mata saƙon waya duk da manyan baƙaƙe, sai ta kira ka ta ce me ta yi maka kake mata ihu. In ka tura duk da ƙanana, sai ta ce ko ba ka ci abinci ba ne.

Na tuna ranar da wani mai gidan burodi ya kawo takardar da za a liƙa a jikin leda. Ya rubuta "Our Sweet Bread Is The Best". Yaya ta fito daga ƙurya da kanta, biro a hannu.

"Bawan Allah, wannan burodin sunan mutum ne?"

"A'a, Hajiya."

"Sunan gari ne?"

"Burodina ne, Hajiya. So nake a gan shi da girma."

"To ka ƙara masa girma a tanda. Nan ba wurinsa ba ne."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe kanta, ya yarda aka gyara. A lokacin mutane suna yarda.

Kujera ta biyu a ɗakin ƙurya ta mijinta ce, wanda kowa ke kira Malam. A teburin nan suka haɗu, a nan Baba ya lura shayin da ake kai musu yana hucewa ba a sha ba, ya ce gara a ɗaura aure kafin a fara buga masa aiki a juye. Yadda suke aiki kuwa, ban ga wani shago da ke yin sa ba. Malam yana riƙe da asali, wato takardar da kwastoma ya kawo. Yaya tana riƙe da kwafin gwaji, wanda aka tsara za a buga. Malam yana karantawa a fili, yana faɗin kowace aya da kowane waƙafi, in ya zo kan babban baƙi sai ya ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya da gindin biro. Yaya tana bi da ido, inda kwafinta ya saɓa da abin da kunnenta ya ji sai ta ja jan layi. Daga ɗakin inji kana jin su: murya, ƙwas, murya, ƙwas, ƙwas. Sai kuma faɗa.

"Wannan ba ya buƙatar babba."

"Haka mai shi ya rubuta."

"Mai shi bai sani ba."

"Uwargida, mu ba makaranta muka buɗe ba."

"Karanta gaba, kana ɓata mini lokaci."

Shekara ashirin da shida suna wannan faɗan, kuma lafiya lau suke komawa gida tare. Malam mutum ne mai tsokana. Tun ina yaro ya lura ina ƙirga matakala, ina ƙirga motoci, sai ya laƙaba mini Sarkin Ƙirga. In na shigo sai ya ce, "Sarki, yau ƙudaje nawa ne a shagon?" Ni kuma in ce masa bakwai, har da wanda ke zaune a kujera.

Shekara uku da suka wuce, ana tsakiyar karanta wata takardar gayyata, biro ya faɗi daga hannunsa. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, magana ta tafi gaba ɗaya. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a nesa. Ta zo ta yi wata guda ta koma. Wata maƙwabciya ce ke leƙa shi da safe in Yaya ta fito aiki. Wata huɗu ya yi fuskarsa na kallon bango. Abinci sai da magiya, cokali uku, huɗu, ya rufe baki.

Wata rana aiki ya yi wa Yaya yawa, ta tafi da kwafin gwaji gida lokacin da take komawa ba shi abincin rana. Ta zauna a bakin gado tana karantawa a fili ita kaɗai, tana ƙwanƙwasa wa kanta, asalin yana ajiye a kan bargo kusa da shi. Sai ta ji ƙwas, ƙwas, a jikin katakon gado. Ta duba. An tsallake kalma ɗaya a layi na shida, kuma idonsa na kanta.

Daga ranar suka yi musayar aiki. Ita ke karanta kwafin gwaji, shi ke bin asali da ido, inda ya ga saɓani ya ƙwanƙwasa sau biyu da yatsan hagu. Ya fara zama. Ya fara cinye abinci. Duk wannan labari aka ba ni. Ban je na gani ba, domin a shekarar ne Baba ya rasu, shago ya dawo hannuna, kuma kaina ya cika da tsare-tsare. Na canza fitilu, na matsar da injin yanka don a rage taku shida tsakaninsa da ƙofa, na sa agogo a kowane ɗaki.

Sai aka buɗe wani shagon ɗab'i a tsallaken titi, daidai saitin namu. Su ba su da ɗakin ƙurya. Ka tura musu rubutunka ta waya, su buga shi yadda ka turo, minti ashirin ka tafi. Na tsaya a ƙofa na ƙirga kwana biyar a jere. Mutum talatin da ɗaya ne ke shiga wurinsu a rana, mu goma sha biyu. Na kuma ƙirga namu lokacin. Yaya tana fita da kwafin gwaji ƙarfe goma sha biyu da rabi, ta dawo biyu da minti ashirin: minti ɗari da goma inji na zaune, kwastoma na zaune. Aikin da aka kawo bayan ta dawo kuwa, in ya fi shafi ɗaya, sai ya kwana. Ga kuma wanda ake dawo mana da shi: sau goma sha ɗaya cikin wata biyu, duk a kan magana ɗaya, wai mun ƙanƙanta musu rubutu.

Na goma sha biyun ne ya kai ni bango. Wata mata mai makarantar yara ta ba mu takardar talla, kwafi dubu biyu. Yaya ta sauke mata manyan baƙaƙe hamsin da takwas. Matar ta dawo da kwalin gaba ɗaya, ta dire shi a kan kanta.

"Wa ya ce a taɓa mini? Makarantata ce aka mayar ƙarama haka kamar ɗakin kaji?"

Yaya ta fito. "Hajiya, makaranta ce fa. Yaran da za ki koya wa, wannan takardar za su fara gani."

"Iyaye ne ke karantawa, ba yara ba! Iyaye kuma so suke su ga abu ya cika ido."

"To in ido kike so a cika, a ƙara girman rubutun. Amma 'Toilet' da 'Playground' ba sarakai ba ne."

"Ke za ki koya mini Turanci? Digirina biyu!"

"Allah ya ƙara na uku."

Matar ta tsallaka titi a kan idona. Na ƙirga takunta, ashirin da biyu.

Da yamma na sami Yaya a ƙurya na ce daga yau abin da kwastoma ya kawo shi za a buga, ko da a kife ya rubuta shi. Ta ajiye biron da ke hannunta.

"To me zan riƙa kai wa Malam?" ta ce.

"Ki kai masa jarida, Yaya. Ki kai masa littafi."

"Na gwada. Ba ya kallo. Jarida ba ta jiran kowa, Auta. Ya san in bai duba ba inji ba zai tashi ba, shi ne kawai abin da ke tayar da shi zaune." Ta miƙe ta ɗauki jakarta. "Shagonka ne. Amma gobe ka biyo ni ka gani, sannan ka yanke."

Washegari na ɗauke ta a babur. Ɗakin nasu ƙarami ne, gado jikin taga, kujerar roba ɗaya, kwalaben magani huɗu a kan kabad. Ta wanke masa fuska, ta sa masa tabarau, ta jingina shi da matashi biyu, ta ɗora masa wani faffaɗan katako a cinya, ta maƙale asalin a kai da maƙalin shanya. Da ya gan ni sai gefen bakinsa na hagu ya motsa. Na ce masa ƙudaje shida ne yau, ɗaya ya tafi hutu. Kafaɗarsa ta girgiza.

Ta fara karatu. Wata takardar sanarwa ce mai shafi biyu. Na ga mutumin da na ɗauka ya gama da duniya ya miƙe wuya, idonsa na tafiya a kan layi kamar tururuwa. Ƙwas, ƙwas. Yaya ta duba, ta ja layi. Can kuma, ƙwas, ƙwas.

"Wannan ni na sauke shi, da gangan," in ji ta. Ƙwas, ƙwas. "Na ji. Mai shi bai sani ba." Ƙwas, ƙwas, da ƙarfi. "Ka fasa katakon, ba zan mayar ba."

Minti talatin da biyar suka yi. Da suka gama ya cinye abincinsa tas, har ya nuna kofi a ƙara masa ruwa.

Na dawo shago da matsala biyu a kaina, kuma ni mutum ne da ba na iya kwana da matsala ba tare da na yi mata dabara ba. Kafin mu tashi na samo ta, kuma wallahi a lokacin ji na yi ban taɓa yin tunani mai kyau irinsa ba. Za a riƙa buga aikin kwastoma nan take, yadda ya turo, ya ɗauka ya tafi. Yaya tana ƙurya, ba ta ganin abin da ke fita ta ƙofar gaba. Sannan a zaɓi biyu daga cikin ayyukan da aka riga aka gama, a fitar da kwafi a ba ta a matsayin na gwaji, ta kai gida su duba. Kwastoma ya samu saurinsa, Malam ya samu aikinsa, Yaya ta sauke manyan baƙaƙenta son ranta. Babu wanda ya rasa komai.

Abu ɗaya ya rage. Rubutun da ya zo ta waya ba a sake buga shi da hannu, ɗauka ake yi a liƙa, don haka asali da kwafi ba sa saɓawa ko da ɗigo. Malam ba zai samu abin ƙwanƙwasawa ba. Sai na ce mu sa masa. Kowace safiya in zauna in zaɓi wurare a kwafin: in cire kalma, in juya baƙaƙe biyu, in goge waƙafi, in canza lamba. Minti bakwai yake ɗaukata.

Mai Kwamfuta ta saurare ni har na gama, ta cire tabarau.

"Maigida, ni dai aikina danna maɓalli. Amma ranar da Jan Biro ta gane, ka ce ina asibiti."

"Ba za ta gane ba. Taimako ne."

"Taimakon da ake ɓoyewa a aljihun tebur? To. Kuma sunana ne zai ɓaci, za a ce hannuna ya lalace."

Haka kuwa aka yi. A kwana na uku Yaya ta tsaya a kanta ta ce mata, "Ke kuwa lafiya? Ko soyayya kike yi? Kurakuranki sun yi yawa kwanan nan." Mai Kwamfuta ta ce, "Tsufa ne, Yaya," tana hararata ta gefen ido.

Na ce wa Yaya na janye maganata, kuma ni zan riƙa kai ta a babur don a rage lokaci. Ta dafa kaina kamar ina ɗan shekara biyar, ta ce Allah ya yi mini albarka. Ban ji komai a raina ba sai daɗi. Kwana goma sha biyu abin yana tafiya kamar agogo. Masu shigowa suka tashi daga goma sha biyu zuwa goma sha tara. Ba a dawo mana da aiki ko ɗaya ba. Malam kuwa har kumatu ya fara yi.

Rana ta goma sha uku ina tsaye a bakin ƙofar ɗakinsu, hular kwano a hannu. Yaya ta jingina shi, ta maƙala asali, ta gyara murya. Ba ta kai ga furta kalmar farko ba ya ɗaga yatsa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

"Ban fara ba tukuna," in ji ta. "Ruwa kake so?"

Bai kalle ta ba. Ni yake kallo ta saman tabarau. Ya sake ƙwanƙwasawa, a hankali, yana barin tazara tsakani yadda ba zan kasa ƙirgawa ba. Biyar. Sannan ya sa bayan hannu ya ture katakon, ya zame daga cinyarsa ya faɗi ƙasa da takardar.

A take na gane. Ban taɓa zama na yanke cewa biyar zan riƙa sawa ba. Hannuna ne kawai ba ya iya barin abu babu adadi. Ranar farko na sa biyar a shafi, na ga ya yi daidai, ba yawa ba kaɗan, shi ke nan na ci gaba.

Yaya ta kalle shi, ta kalle ni. Ta durƙusa ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Ashe tana ajiye kwafin kowane asali da suka duba, da alamar inda ya ƙwanƙwasa, don in ya yi ƙyuya ta nuna masa yawan aikin da ya yi. Ta ɗauko na sama tana bin alamun da karkataccen yatsanta. Ta ajiye, ta ɗauki na biyu. Na uku. Bakinta na motsi. A na bakwai ta tsaya.

"Shekara talatin ina duba aikin mutane," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wata rana babu kuskure ko ɗaya, wata rana ashirin. Ban taɓa ganin hannun da ke yin biyar-biyar ba. Auta, waɗannan an buga su da gyaranmu?"

Na fara bayanin mutum talatin da ɗaya da minti ɗari da goma.

"Tambaya na yi maka."

"An riga an buga su, Yaya. Kafin ki fito da su."

"Duka?"

"Ashirin da huɗu."

Ba ta yi ihu ba; da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta tattara takardun ta mayar cikin kwali, ta ɗauki katakon ta jingina shi a bango.

"Ni ban gani ba," ta ce. "Ina ta murna yana samun abin yi. Shi da ba ya magana shi ya gani. Kwana nawa ya yi yana ƙirgawa, yana jira ya tabbatar, ni ina zaune ina masa faɗa a kan takardar da tuni tana liƙe a bangon wani?" Ta juyo. "Da ka kore mu, da mun san korarmu aka yi. Wasan yara ka ba shi. Tafi, inji na jiranka."

Kafin in fita na ga ya zame daga kan matashin, ya juya fuska bango.

Kwana shida Yaya ba ta zo shago ba. Na je sau huɗu. Na durƙusa a bakin gadon na ce, "Malam, Sarkin Ƙirga ne. Na yi wauta, ka yafe mini." Ko gezau. Maƙwabciyar ta tare ni a waje ta ce abinci ya koma cokali uku, me ya faru ne? Na sa hular kwano na hau babur.

A rana ta bakwai na zo da aiki na gaskiya, wata takardar taron iyaye da aka kawo rubutacciya da hannu, wadda ba a buga ba tukuna. Na rantse wa Yaya cewa inji a kashe yake, mai aikin yana jira. Ta karɓa. Ta jingina shi, ta maƙala asali, ta karanta shafin daga sama har ƙasa. Hannunsa yana cikin bargo, bai fito ba.

Ta dawo aiki bayan nan, amma ba yadda take ba. Ba ta ƙara fitowa kanta ta yi gardama da kwastoma ba. A hanya muna wuce allunan nan ba ta ko ɗaga kai. Ranar da wani ya kawo takarda da ya ba "Of" babban baƙi har sau tara, Mai Kwamfuta ta kai mata da gangan don ta ji ta yi faɗa. Ta duba, ta miƙo mata.

"Haka mai shi yake so?"

"Haka ya turo, Yaya."

"To a buga masa."

Mai Kwamfuta ta dawo ta zauna. "Maigida," ta ce, "ka ga abin da ka yi? Ni da nake addu'ar ranar da za ta daina, yau ga shi ta daina, kuma ji nake kamar an yi rasuwa."

Yanzu tsarin da nake bi shi ne wannan. Kowace rana ina ware aiki ɗaya wanda ba zai hau inji ba sai ya je gidan Yaya ya dawo. Ina faɗa wa mai shi gaskiya: za a duba masa da kyau, amma sai yamma. Cikin mutum goma, uku ne ke yarda; sauran wasu su ce a buga haka nan, wasu su tsallaka titi. Ba na taɓa kwafin. Ba na ko karanta shi, don kada hannuna ya yi abin da ya saba. Na ce wa Yaya ta riƙa tsayawa a bayan Mai Kwamfuta ta ga fitowarsa da idonta, ta kuma ga injin a kashe. Tana tsayawa. Amma ita ce ke gani, ba shi ba, kuma ba ni da hanyar da zan ɗauki injin in kai masa ɗaki.

Yau kwana ashirin da bakwai da fara wannan tsarin. Abinci ya ɗan ƙaru, ya kai rabin kwano. Yana yarda a jingina shi, yana yarda a sa masa tabarau. Jiya da muka fito na kasa haƙuri na tambaye ta, tana ɗaura ɗankwali kafin ta hau babur.

"Ya ƙwanƙwasa?"

"A'a."

"Wataƙila babu kuskure a ciki."

"Akwai. An tsallake layi guda cur, a shafi na biyu. Na gaske ne, na ga lokacin da wayar Mai Kwamfuta ta yi ƙara tana cikin bugawa." Ta gyara zaman jakar a kafaɗa. "Ya gani, Auta. Ina karantawa ina kallonsa. Idonsa ya zo wurin ya tsaya. Hannun ma ya motsa a cikin bargo. Sai ya ɗago ya dube ni, yana so ya gane ko ni ma da ni aka haɗa baki a wannan karon."

"Me kika ce masa?"

"Me zan ce? Wancan karon ma ai cewa na yi na gaske ne."

Ta hau. Na tayar da babur muka koma shago, ta zauna a ƙurya ita kaɗai ta mayar da layin da jan biro, aka buga, mai aikin ya karɓa ƙarfe huɗu da kwata. Na gobe na riga na ware shi, shafi uku ne, na wata mata mai ɗinki da ta ce ba ta sauri.